Raba gandu tsakanin kenel ɗin Linux da kayan aikinsa: kurakuran da aka fi yi

Ina kula da na'urorin wani ƙaramin kamfani a nan Jidda, mai tanadar wa alhazai da masu Umara masauki da mota tsakanin Jidda, Makka da Madina. Muna gina kenel namu na gida saboda wasu faci biyu (gyare-gyaren da ake ɗora wa kenel) da muke buƙata, kuma shekaru da dama duk abin da ginin ya fitar a fakiti ɗaya (ƙunshin da ake saka manhaja da shi a na'ura) muke zuba shi: kenel ɗin kansa, da modul-modul ɗinsa (ɓangarorin da ake loda masa idan ana buƙata), da perf, da cpupower, da turbostat. Ranar da muka tashi raba su na sha wahalar da ban yi zato ba. Bara kuma wani ƙanena da ke koyon aikin ya faɗa ramukan da na faɗa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta su.

Ga wanda bai saba ba, kenel shi ne zuciyar tsarin, shi ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. A cikin tushen Linux, wato rubutun da ake gina kenel daga gare shi, akwai folda mai suna tools, inda aka tara manhajojin da ake rubutawa tare da kenel amma a wajensa suke gudana, kamar kowace manhaja. A nan perf yake, wanda ya shigo a fitowa ta 2.6.31 a 2009, mai nuna maka inda furosesa ke ɓata lokacinta. Akwai cpupower mai saita saurin furosesa, da turbostat na Len Brown na kamfanin Intel mai nuna zafi da sauri na haƙiƙa, da bpftool, da usbip, da 'yan manhajojin da ke magana da Hyper-V. Gida ɗaya aka haife su da kenel, amma zamansu a kan na'ura ya bambanta da nasa ta hanya guda mai muhimmanci. Kenel uku na iya zama tare a na'ura ɗaya ba faɗa, domin kowanne da lambarsa a sunan fayil ɗinsa a /boot da kuma foldarsa a /lib/modules. Shi ya sa dnf, manajan da ke saka fakitoci da sabunta su, ke ajiye uku idan ba ka sauya masa ba, don idan sabo ya ƙi tashi ka koma wa na jiya. Shi kuwa /usr/bin/perf gurbi ɗaya ne tak. Muddin perf na cikin fakitin kenel, ba za ka iya ajiye kenel biyu ba, kuma haka muka yi ta zama: kowane sabuntawa sai ya murƙushe kenel ɗaya tilo da muke da shi, babu wurin komawa.

Kuskuren farko tun kafin a taɓa komai ake yin sa, wato rashin sanin wane irin rabo ake nufi. Kana iya barin tushe ɗaya da gini ɗaya, ginin ya fitar da fakitoci daban-daban. Kana kuma iya raba tushen kansa, kayan aikin su samu nasu ginin da nasu lokacin fitowa. Debian, ɗaya daga cikin masu rarraba Linux, a 2016 ta haɗe tushen kayan aikin da na kenel wuri ɗaya amma ta ci gaba da fitar da fakitoci daban, irin su linux-perf da linux-cpupower da usbip. Fedora kuwa a wajen 2018 ta ware wa kayan aikin tushensu. Kowa da hujjarsa. Idan ka raba tushe, gyara ɗan kuskure a turbostat ba zai sa ka sake gina kenel na tsawon sa'o'i ba, amma ka ɗaukar wa kanka kula da abu biyu har abada. A ganina ƙaramin kamfani mai ma'aikaci ɗaya ko biyu ya tsaya a rabo na farko. Na biyun sai mai hannaye da yawa.

Ranar ƙaura

A nan aka fi jin jiki, kuma dalili ɗaya ne: ana gwada sabon fakiti a kan na'ura sabuwa fil, a ga ya shiga lafiya, a ɗauka an gama. Na'urorin da ke aiki ba sababbi ba ne. Tsohon fakitin kenel na nan a kansu, kuma a rajistar dnf ko dpkg (manajan fakiti na Debian) har yanzu shi ne mai /usr/bin/perf. Da sabon fakitin perf ya zo shiga sai a ce masa gurbin na da mai shi, sabuntawar gaba ɗaya ta tsaya, har da gyare-gyaren tsaro na wasu manhajojin da ba ruwansu.

A gidan Debian da Ubuntu maganin sananne ne. Sabon fakiti zai ɗauki layuka biyu, Replaces da Breaks, dukansu suna nuni ga tsohon fakitin da lambar da ke ƙasa da wadda aka yi rabon a cikinta. Na farko ya ba shi izinin karɓar fayil ɗin, na biyu ya hana a bar tsohon a gefe da giɓi a jikinsa. Mutane kan sa ɗaya su manta ɗaya, ko su sa ba tare da lamba ba, sai sharaɗin ya ci gaba da aiki a kan fakitocin da ba a ma haifa ba tukuna.

A gidan RPM ne, wato tsarin fakitin Fedora da danginta, haɗarin ya fi girma. Ƙanen nan nawa ya same ni wata Asabar bayan La'asar da kwamfutarsa a hannu.

"Yaya, na ga ana cewa idan fakiti ya gaji wani sai a sa masa Obsoletes. Na sa, yanzu kuma dnf ya ƙi motsi."

Na ce masa ya gode wa Allah da ya ƙi. Obsoletes na nufin wancan fakitin ya gama aikinsa, a cire shi. To abin da ya rubuta a cire shi ne kenel, har da wanda na'urar ke gudana a kai a daidai lokacin. Shi dnf yana da kariyar da ke hana cire kenel mai gudana, ita ta tsayar da shi. Da rpm kai tsaye ya yi amfani, babu mai tsayar da shi, kuma da na'urar ta ci gaba da aiki kamar ba komai har ranar da za a sake kunna ta. Abin da ya dace shi ne Conflicts mai lamba, wato layin da ke hana fakitoci biyu zama tare, sannan a bi ƙaurar daki-daki: a saka sabon kenel marar kayan aiki kusa da tsohon, a tayar da na'ura a kansa, a tabbatar komai na tafiya, a cire tsohon, sannan a saka fakitin kayan aikin. Za a yi 'yan mintuna babu perf a na'urar, wannan ba ya kashe kowa.

Akwai kuma abin da kwafe ke jawowa. Mai rubuta sabon fakitin yakan kwafo kan rubutun tsohon gaba ɗaya, har da layin Provides da ke cewa wannan fakitin kenel ne. Da wannan layin dnf ke gane fakitocin da ake jera su kusa da juna maimakon a maye gurbinsu. Shigar farko lafiya lau. A sabuntawa ta biyu dnf zai yi ƙoƙarin ajiye perf biyu a gurbi ɗaya, faɗan fayil ya dawo, alhali an wuce maganar rabo da wata biyu, ba wanda zai tuna ya duba can.

Lamba ma na da nata tarkon. Wani zai ce tunda sabon fakiti ne bari ya fara daga 1.0. Idan akwai wani rumbun fakitoci da na'urorinka ke gani mai ɗauke da perf 5.14 ko 6.1, nasa zai rinjayi naka kullum. Ka bi lambar kenel ɗin da ka ciro tushen daga gare shi. Fitowar gwaji kuma a rubuta ta da alamar ~, kamar 6.8~rc3, domin a RPM da dpkg duka alamar na sa lambar ta zama ƙasa da 6.8 cikakkiya. Kada ka yi hasashe, dpkg --compare-versions da rpmdev-vercmp za su faɗa maka wace ce babba. Epoch kuwa, wato lambar da ake ɗorawa a gaba don ta danne komai, idan ka sa ta ba ta sake fita, don haka ka bar ta sai babu wata hanya.

Igiyar da ba ta da amfani

Bayan rabo mutum kan ji tsoro, sai ya ɗaure sabon fakitin da sharaɗin cewa dole kenel mai lamba iri ɗaya ya kasance a na'urar. Na fahimci tsoron, amma sharaɗin ba ya ba da abin da ake nema. Manajan fakiti ya san abin da aka saka ne kawai, bai san wanda ke gudana ba. Kana iya saka 6.6 yau, na'urar ta ci gaba da tafiya a kan 6.1 har wata uku saboda ba a samu damar sake kunna ta ba, kamar yadda muke yi daga Zulƙida har alhazai su watse. Sharaɗin ya cika a takarda, a zahiri bai cika ba. Sannan duk wanda ya so perf a cikin kwantena, wato keɓaɓɓen akwatin manhaja mai aron kenel ɗin na'urar da ke ɗauke da shi, sai an jibgo masa kenel da modul-modul ɗinsa, abin da kwantena ba ta amfani da shi ko kaɗan.

Dalilin da ya sa ba a buƙatar igiyar shi ne ƙa'idar da Linus Torvalds ya daɗe yana tsaye a kanta, cewa sabon kenel ba zai karya manhajar da ke aiki a wajensa ba. Tsohon perf na aiki a kan sabon kenel, sai dai bai san sababbin abubuwa ba. Sabon perf kuma idan ya nemi abin da tsohon kenel bai sani ba yakan ja baya ya nemi abin da ke akwai. Shi turbostat ma damuwarsa ta fi karkata ga irin furosesar da ke cikin na'urar, sabuwar furosesa na son sabon turbostat ko da kenel bai sauya ba. Saboda haka sabon kayan aiki a kan kenel mai ɗan shekaru abu ne mai kyau. Debian 11 tana da linux-perf-5.10 mai lamba a sunansa, amma a Debian 12 ta 2023 linux-perf ne kawai, guda ɗaya.

Ubuntu ta bi wata hanya dabam, kuma duk mai amfani da ita ya kamata ya san yadda take. A can, a fitowa irin ta 22.04 da 24.04, /usr/bin/perf ɗan rubutu ne mai aikin dillali: ya tambayi lambar kenel mai gudana, ya je ƙarƙashin /usr/lib/linux-tools ya nemo perf mai wannan lambar. In bai samu ba ya ce babu. A cikin kwantena lambar da zai gani ta na'urar da ke ɗauke da kwantenar ce, don haka sau da yawa zai ce babu alhali perf na nan a foldar kusa, kuma in ka kira shi da cikakken adireshinsa zai yi aiki. Wanda zai kwaikwayi wannan tsari a gidansa, ya sa dillalin ya koma ga mafi sabunta daga cikin waɗanda ke akwai idan bai samu daidai ba.

Abin da bai kamata ya bar gida ba

Ba duk abin da ke cikin tools ne na waje ba. Wannan ya cinye mini yini guda. objtool na zaune a tools/objtool, amma aikinsa a lokacin gina kenel ne da modul-modul ɗinsa a kan x86, yana duba fayilolin da aka harhaɗa. Duk na'urar da ke gina modul na waje ta hanyar DKMS (tsarin da ke sake gina shi duk lokacin da kenel ya sauya), kamar na katin NVIDIA ko na VirtualBox, tana neman objtool a cikin foldar build ta wannan kenel ɗin. Na kwashe tools gaba ɗaya na kai sabon fakiti, kenel ya tashi lafiya, sai ginin modul ya faɗi a na'ura ɗaya tak da ke buƙatarsa. Gurbin objtool shi ne fakitin da ke ɗauke da kayan gina modul, mai lamba ɗaya da kenel, kuma shi kam a nan ɗaurin lamba wajibi ne. Haka resolve_btfids da ke ƙarƙashin tools/bpf, kayan gini ne shi ma.

Kishiyar wannan kuskuren ita ce ɗaukar abu kaɗan. Wanda ya raba tushe yakan kwafi tools/perf kaɗai, ya ga ya ƙi ginuwa. perf na jingine da tools/lib, tools/include, tools/arch, tools/build da tools/scripts. Masu kenel sun riga sun tanadi hanya: make perf-tar-src-pkg zai tattara duk abin da ake buƙata bisa jerin da ke cikin fayil ɗin MANIFEST. Ga sauran kayan kuwa ya fi sauƙi ka yi amfani da tushen kenel cikakke ka gina abin da kake so kawai. Idan kuma cikin facin da kake ɗora wa kenel akwai wanda ya taɓa tools, ka tabbata ya bi kayan zuwa sabon gidansu.

Ginin da ya yi nasara amma ya fito da naƙasa

Wannan ne na fi jin tsoro, domin ba ya ihu. Lokacin gina perf, yana duba laburaren da ke na'urar ginin ɗaya bayan ɗaya, ya buga jeri mai nuna wanda ya samu da wanda bai samu ba. Da yawa daga cikinsu idan babu su ba ya tsayawa, sai ya kashe wannan ɓangaren ya wuce. A tsohon gini duk laburaren na nan saboda an daɗe da jera su. A sabon fakitin an manta biyu ko uku. Sakamakon shi ne perf da ke buɗewa, yana amsa gaisuwa, amma ba ya iya bin sawun kiran da manhaja ta yi ko fassara adireshi zuwa sunan aiki. Ba za ka sani ba sai daren 27 ga Azumi, lokacin da buƙatun masauki suka yi wa na'ura yawa kana neman inda ta shaƙe. Maganin mai sauƙi ne: kafin rabo ka gudanar da perf version --build-options ka adana abin da ya fito, bayan rabo ka sake, ka kwatanta layi da layi. Ni yanzu na sa ginin kansa ya faɗi idan jerin ya bambanta. A lura kuma cewa tun fitowa ta 6.2 an fitar da libtraceevent daga tushen kenel, sai an kawo shi daga waje.

Akwai laburare ɗaya da ake barinsa da gangan. perf na ƙarƙashin lasisin GPL na 2 ne, libbfd na binutils kuma na 3, shi ya sa masu rarraba Linux irin su Debian ba sa haɗa su. In za ka ba wasu fakitinka, kada ka kunna shi don kawai ka ga jerin ya cika.

Sai sharuɗɗan harhaɗawa. Kenel na da nasa na musamman, ba ya karɓar na kowa. Kayan aikin kuwa manhajoji ne na yau da kullum, kuma da yawansu da ikon root, wato cikakken iko a kan na'ura, ake gudanar da su, don haka sun cancanci duk kariyar da tsarinka ke sa wa sauran manhajoji, irin su PIE da _FORTIFY_SOURCE. Matsalar ita ce kowane kayan aiki da ƙofar da yake karɓar sharuɗɗan, perf ta EXTRA_CFLAGS yake karɓa, wasu ta CFLAGS. Ka duba fayil ɗin da ya fito da readelf ko checksec, kada ka yarda da abin da ka rubuta kawai. Idan ka ware libcpupower, laburaren ya samu fakitinsa, fayilolin masu gini a kansa su samu nasu. Ɓangaren Python na perf ma kada a bar shi a baya, manhajar daidaita saitin na'ura mai suna tuned na amfani da shi.

Ƙananan abubuwan da ke bin kaya

Mako biyu bayan rabonmu wani abokin aiki ya ce mini, "Malam, shafin nan ya yi nauyi, kuma ba mu taɓa komai ba." Mun duba bayanai, mun duba layin intanet, ba mu ga komai ba. turbostat ne ya nuna saurin furosesa ya sauka ƙasa da yadda muka saba. Abin da ya faru shi ne cpupower na da ɗan sabis na systemd da ke saita furosesa a kan performance duk lokacin da na'ura ta tashi. Da aka cire tsohon fakitin, rubutun cirewarsa ya kashe sabis ɗin, RPM kuma ya sauya wa fayil ɗin saitinmu suna zuwa mai ƙarewa da .rpmsave ya ajiye a gefe. Sabon fakitin ya zo da saiti na asali da sabis a kashe. Babu kuskuren da aka buga a ko'ina. Duk wanda zai yi rabo ya jera waɗannan tun farko: sabis na systemd, ƙa'idojin udev (mai lura da bayyanar na'urori), fayilolin /etc, shafukan man, da fayilolin cike umarni na bash. Manhajojin Hyper-V sun fi kowa dogara da wannan, domin ƙa'idar udev ce ke tayar da su idan na'urarsu ta bayyana a /dev/vmbus. usbip kuma na son fayil ɗin usb.ids kafin ya iya faɗin sunan abin da aka soka.

Wasu ƙorafe-ƙorafen da za su biyo bayan rabo ba laifin rabon ba ne, kuma sanin haka na rage ɓata lokaci. In turbostat ya ƙi, duba ko an loda modul ɗin msr. In perf ya hana ma'aikaci marar root, duba kernel.perf_event_paranoid, wanda Debian da Ubuntu ke tsaurarawa fiye da na asali, kuma tun fitowa ta 5.8 akwai izinin CAP_PERFMON da za ka bayar maimakon root gaba ɗaya. In bpftool bai ga /sys/kernel/btf/vmlinux ba, kenel ɗin ne aka gina ba tare da BTF ba.

Sannan mutanen da suka saba samun perf a kowace na'ura ba tare da sun nema ba za su wayi gari babu shi. Ka sa Recommends a fakitin kenel ko ka ƙara shi a jerin abin da ake saka wa kowace sabuwar na'ura, ka kuma faɗa musu da baki.

Gwajin da nake yi yanzu shi ne in ɗauki hoton na'ura mafi tsufa da muke da ita, wadda aka yi shekaru ana sabuntawa ana taɓa saitinta, in tayar da kwafinta, in bi ƙaurar a kai daga farko har ƙarshe. In sake kunna ta sau biyu, sau ɗaya a sabon kenel, sau ɗaya a wanda ya gabace shi. In gina lamba ta gaba ta fakitin kayan aikin in sabunta a kai, don in ga sabuntawa ta biyu ma ta wuce. Sannan rpm -qf ko dpkg -S a kan kowane fayil da ya yi ƙaura, ya nuna mai shi ɗaya. Aikin na ainihi kuma a Muharram muke yin sa, bayan alhazai sun koma gida, da safiyar Lahadi lokacin da kowa na ofis, na'ura ɗaya a rana.